Filin Kawu ya yi araha, amma ana cewa ruwa na kwanciya a wurin

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Katsina, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, mun daɗe muna haya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yanka tsohuwar gonarsa da ke bayan gari ya mai da ita fuloti-fuloti. Ya ce zai bar mini ɗaya mai ƙafa 50 da 100 a kan naira miliyan 2 da rabi, alhali na kusa da shi miliyan 4 ake sayarwa. Na ba da miliyan ɗaya kafin alƙalami, cikon sai ƙarshen wata mai zuwa. Ana nan sai maiɗakina ta je suna a unguwar da ke kusa, mata suka ce mata ai wurin nan ruwa ke kwanciya da damina. Na tuntuɓi Kawu, ya ce shekara talatin yana noma wurin bai taɓa ganin ambaliya ba, har na ga ransa ya ɓaci. Na je na duba, wuri busasshe ƙayau, to amma yanzu rani ne. Maiɗakina ta kafe a kan in karɓo kuɗina, Hajiyarmu kuma ta ce kada in kunyata ta wurin ɗan'uwanta. An ce mini akwai taswirar da ake dubawa a waya a gane ko wuri na cin ruwa. Da gaske ne? Kuma yaya zan yi ban ɓata zumunci ba?

Wani ɗan'uwa daga Katsina

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya rufa asiri, ya fid da kai daga haya lafiya. Kada ka cika sauran kuɗin nan tukuna, kuma kada ka ɗauka Kawu ƙarya ya yi maka. Mai yiwuwa ne shi da matan da maiɗakinka ta ji duk gaskiya suke faɗa, domin idon manomi daban, idon mai gini daban. Idan ruwa ya kwana biyu a gonar dawa a tsakiyar Agusta, manomi ba ya kiran wannan ambaliya, cewa zai yi damina ta yi kyau. Ruwan nan ɗaya in ya kwana biyu a tsakar gida, ya cika masai, ya jiƙa gindin bango, ya hana yara fita makaranta, ya zama musiba.

Ban da haka, wurin da Kawu ya sani ba shi ne wurin da za ka zauna ba. A da kewayen duk gonaki ne, ƙasa na shanye ruwa. Yanzu duk fulotin da aka rufa da kwano aka daɓe da siminti, ruwansa gangarawa yake yi wurin wanda ke ƙasa da shi. Ɗauki lissafi: ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 450 ne. Ruwan sama na milimita 50, wanda hadari ɗaya mai ƙarfi kan iya zubarwa a dare guda, lita 22,500 ne a kan wannan fuloti kaɗai, wato jarka 900 mai cin lita 25. To ka ƙiyasta gidaje ɗari sun taso a tudun da ke samanka, kowa ya saki bututunsa a layi. Ga shi ruwan Katsina kusan duk cikin wata huɗu yake sauka, Yuni zuwa Satumba, kuma da ƙarfi yake zuwa.

Maganar taswira akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba yadda aka ba ka labari ba. A Amurka hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, FEMA, na da taswirar da mutum zai rubuta adireshin gida ya ga yankin da ya faɗa. Yankin da suka sa wa harafin A ko AE shi ne inda yiwuwar ambaliya ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wanda aka sa wa X kuma haɗarinsa bai kai haka ba. Mu a nan abin da kowa zai iya samu shi ne hasashen ambaliya da hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, ke fitarwa duk shekara kafin damina, da hasashen yanayi na NiMet. Na NIHSA yana kasa ƙananan hukumomi da garuruwa ne zuwa masu babban haɗari, matsakaici da ƙarami. Zai gaya maka halin da yankinku ke ciki a bana, amma ba zai bambance fulotinka da na maƙwabcinka ba, kuma wannan bambancin ne kake nema.

Wannan kashi 1 cikin 100 ɗin ka riƙe shi, don ya shafi maganar Kawu kai tsaye. A ido kaɗan ne, amma in ka tara shi shekara 30 yana zama kusan kashi 26 cikin 100. Ka juya shi kuma: a irin wannan wuri mai haɗari, sau uku cikin huɗu mutum zai yi noma shekara talatin cur bai ga babban ruwan ba. Shaidar Kawu shaida ce, amma ba ta isa a ɗora harsashi a kanta ba. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 cikin dare ta zo, ta kashe sama da mutum 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ba duk shekara ake ganin irinta ba, kuma irinta ce ake yi wa gini shiri.

Don haka taswirar fulotinka kai za ka haɗa ta. Ka fara da komawa wurin, ka tsaya a kowace kusurwa huɗu, ka buɗe Google Maps, ka danna ka riƙe yatsa a kan shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake. Lambobi biyu za su fito, a Katsina na farko zai fara da 12 ko 13, na biyu da 7. Ka rubuta su a takarda. Waya kan yi kuskuren 'yan mitoci, wannan ba komai. Amma idan Kawu na da takardar safiyo, kada ka kwashi lambobin cikinta ka zuba a Google kai tsaye. Yawancin takardun awo na Najeriya da ma'aunin Minna aka yi su, Google kuma da wani ma'auni yake aiki, sai fulotin ya goce da gomman mitoci, ka ɓata yini kana nazarin filin wani. Safiyo zai juya maka su cikin minti kaɗan.

Da lambobin nan sai ka shiga Google Earth. A waya ma yana yi, amma ka samu kwamfuta ko a shagon buga takardu ne, an fi gani. Akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, shekara bayan shekara. A nan za ka ɗan daɗe, domin nan amfanin yake. Ka koma hoton da ya fi tsufa, lokacin da wurin ke gona zalla, ka riƙa matsowa. Ka nemi siririn farin layi mai lanƙwasa da ke ratsa gonaki, wannan yashin rafi ne, ko da yau an share shi an kafa turaku a kai. Ka nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko wanda ke nan kore a Nuwamba da Disamba bayan ko'ina ya bushe. Ka nemi rami mai zagaye, tsohon kududdufi ko inda aka haƙi ƙasar gini. Lambun rani a kusa alama ce ta ruwa na kusa da sama. Akwai kuma alamar da mutane ba su cika lura da ita ba: hanyar ƙafa. Idan ka ga turbar mutane da dabbobi ta taho samɓal, da ta iso wurin ta kewaye shi sannan ta koma kan layinta, ka tambayi kanka me suke kauce wa. Ka riƙa duba kwanan watan kowane hoto, don yawancinsu na rani ne saboda gajimare na rufe na damina. In ka dace da na Satumba ko Oktoba, ya fi goma na Maris amfani.

Manhajar na nuna tsayin ƙasa ma. A kwamfuta, duk inda ka ɗora kibiya lamba za ta fito a ƙasan allo, a Katsina wajen mita 500 ne daga matakin teku. Ka ja layi daga gabas zuwa yamma ya ratsa fulotin, kamar rabin kilomita kowane ɓangare, ka sa ta nuna maka hawa da saukarsa, sannan ka ja wani daga kudu zuwa arewa. In ƙasa na gangarowa ta wuce ka ta ci gaba da sauka, ruwa wucewa zai yi, sai a duba ta ina. In kuwa a duka layukan biyu kai ne a ƙasa, to fulotin gindin ƙwarya ne, duk abin da aka zuba a gefe wurinka zai taru. Sai dai kada ka ba lambobin nan amanar da ta wuce ƙima. Daga sama aka auna su, a kan faɗin kusan mita 30, kuma kuskurensu kan kai mitoci. Suna nuna tudu da kwari, ba sa nuna rabin mita, alhali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu rabin mitan nan shi ke raba gidan da ya tsira da wanda ruwa ya shiga.

Akwai wasu shafuka biyu na kyauta da za ka leƙa in kana da data. Global Surface Water Explorer na Tarayyar Turai ya tattara hotuna tun daga 1984, yana sa launi a duk inda ruwa ya taɓa daɗewa a kwance. In fulotin ya fito da launi, magana ta kusa ƙarewa. In bai fito ba, ba wanke shi aka yi ba, domin ruwan da ya zo da dare ya janye kafin azahar tauraron ba ya kama shi. Flood Hub na Google kuma hasashen cikar koguna yake yi kwanaki kafin ta zo, ƙaramin rafin unguwa ba lallai ya san da shi ba.

Daga nan sai ofis. Gonar da mai ita ya yanka da kansa awon igiya ce, kuma babbar matsalar awon igiya ita ce har hanyar ruwa ake yankawa a sayar, don ba wanda ke son asarar fuloti guda. Ka je da lambobinka ma'aikatar filaye, ko KATGIS mai kula da bayanan filaye na jiha, ko hukumar tsara birane ta URPB, ka yi tambaya a fili: an amince da tsarin wurin nan? Ta ina aka tsara magudanar ruwa za ta bi? Nawa ne tazarar da ake bari daga bakin rafi kafin a yi gini, kuma za a ba ni izinin gini a nan? A ofishin babban safiyo na jiha kuma ka nemi tsohuwar taswirar yankin mai layukan tsayin ƙasa. Tsufanta shi ne amfaninta, tana nuna rafuka da fadamu tun kafin gari ya haɗiye su. Inda ka ga layukan sun yi tsini kamar harafin V, kwari ne, tsinin na kallon tudun da ruwa ke fitowa. Gini a kan magudana ba ruwa kaɗai ne abokin gabarsa ba, wata rana hukuma na iya zuwa ta sa masa jan fenti.

Duk wannan rabin aiki ne. Sauran rabin a ƙasa yake, kuma rani ba ya hana ganinsa. Ka dubi katangun gidajen da aka riga aka gina a kusa: layin laka a miƙe a jikin bango, filasta mai ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, fari-farin gishiri a jikin bulo. Ka dubi dokin ƙofa. Gidan da aka ƙara wa ƙofar zaure layin bulo ɗaya ko biyu daga baya, har sai an ɗaga ƙafa za a shiga, mai shi ya ga ruwa. Ka dubi ƙananan itatuwa da shinge, in leda da kara sun maƙale a tsayi ɗaya, nan ruwa ya kai. Baƙar laka mai darewa da rani, da itacen giyayya, da busasshiyar kacalla, duk 'yan fadama ne. Sannan ka biya lebura ya haƙa rami biyu, zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ɗaya a tsakiya ɗaya a kusurwar da ta fi ƙasa. In leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari suka fito, kududdufi ne aka cike da bola, kuma gini a kansa zai zauna ya tsage ko ba ambaliya. In ƙasar toka-toka ce da ɗige-ɗigen tsatsa, ruwa na daɗewa a cikinta duk shekara. Ka cika ramin da ruwa da yamma, ka dawo da safe ka ga ko ya tsotse.

Rabin mitan da Google ya kasa kuwa, magini zai nemo maka shi da farin tiyon nan mai ruwa a ciki da ake daidaita gini da shi. Ku auna tsakiyar fulotin da doron titi mafi kusa, da bakin kwalbati, da gindin lambatu in akwai. Fulotin da ke ƙasa da gindin lambatun da zai kwashe ruwansa ba shi da mafita. Ka tuna kuma ranar da za a zo a yi titin unguwar, ciko za a yi a ɗaga shi, gidaje da yawa da suke lafiya a ranar suke komawa rami.

Mutanen da za ka tambaya su ne waɗanda ba su da riba a cinikin: masu buga bulo, direbobin tifa, 'yan ga-ruwa, makiyaya, masu babur ɗin haya, mai unguwa, da wanda ke da rijiya a kusa. Kada ka ce "ruwa na cin nan?", don za a ce maka a'a saboda kara. Ka ce, "In an yi ruwa da yawa ta ina kuke bi? Daminar bara ina ya tsaya? Kwana nawa yake yi kafin mota ta iya shiga? Rijiyar nan gaba nawa take da Agusta?" Matan da suka yi wa maiɗakinka magana su ma shaidu ne na ƙwarai, su ke kwalfe ruwa da roba in ya shigo. Ka roƙe ta ta koma ta tambaye su daidai wane wuri suke nufi, gonar duka ko ɓangare ɗaya. Ka gode mata tukuna. Ta kafe ne don ita za ta kwana da yara a gidan, kuma in ka sa ta cikin binciken, kafewar za ta sassauta ta koma shawara.

Abin da ka gano zai faɗa ɗayan uku. In fulotin na kan hanyar rafi, ko tsohon kududdufi ne, ko ba shi da mafitar ruwa, ka bar shi komai araharsa. Ciko ba ya gyara wannan, ruwan kawai kake turawa gidan maƙwabci, shi ma ya yi nasa cikon ya dawo maka da shi, katangar da ta tare hanya kuwa ita ke fara faɗuwa. In ruwa na ɗan tsayawa ne ya wuce, kuma akwai gangaren da za a kai shi, ana iya gini da sharaɗi: daɓen ɗaki ya ɗara doron titi da alamar ruwa mafi tsayi da aka sani da santimita 45 zuwa 60, wato kusan layin bulo biyu zuwa uku; harsashi da bulo cikakke ko wanda aka cike da kankare; ciko da jar ƙasa, ana dannewa duk santimita 15, ba a juye tifa a baje ba; ƙofofin ruwa a gindin katanga; bakin masai da na rijiya a ɗage, kuma nesa da juna, don haɗuwarsu da damina ke kawo amai da gudawa. Amma ka yi lissafin kafin ka ce ka samu araha. Ɗaga fuloti duka da santimita 60 ƙasa ce mai yawan mita 270 kubik, tifa 27 ke nan in kowace na ɗaukar 10, kuma za ta ƙaru in an danne. Ka tambayi kuɗin tifa a yau ka ninka, ka ga me ya rage a miliyan ɗaya da rabin da Kawu ya sauƙaƙa maka. In kuwa babu ko ɗaya daga alamun nan, ka cika kuɗinka da kwanciyar rai.

Saura zumunci. Hajiya za ka fara samu, kai kaɗai, kafin Kawu. Tsoronta kada a ce ɗanta ya ƙaryata ƙanenta. Ka nuna mata ba fasa ciniki ka zo yi ba, so kake jikokinta su kwana inda hankalinta zai kwanta, kuma ka roƙi ta sa baki. Wurin Kawu kuma ka je da kanka, ba ta waya ba, kada ka ambaci maiɗakinka ko matan unguwa. Ka ce masa, "Kawu, na san ka fi kowa sanin wurin nan. Magini ne ya ce sai an auna gangaren ruwa kafin a san tsayin harsashi. Ina roƙon ka zo ka nuna mana inda ruwa ke bi da damina." Manomin da aka tambaya a matsayin masani zai nuna maka abin da ba zai faɗa ba in ya ji ana tuhumarsa, kuma ba mamaki da bakinsa zai ce wancan ɓangaren ya fi tudu.

Wannan ce ma mafitar da muka fi so maka: musanya. Gonar tasa ce duka, ka roƙi ya canza maka da fulotin da ke sama, ko da za ka ƙara wani abu. Ciniki bai mutu ba, fuskar kowa ta tsira. In ba sauran na tudu, ka nemi ya ɗaga maka cikon zuwa ƙarshen Agusta, miliyan ɗayan na hannunsa, fulotin na ajiye. Ranar da aka tafka ruwa ka je cikin awa ɗaya bayan an ɗauke, ka sake komawa washegari, ka ɗauki hoto, amma kada ka shiga ruwa mai gudu ko a kan babur ne. In ta tabbata wurin ba na zama ba ne, shari'a ta buɗe ƙofar warware ciniki da yardar juna, abin da malamai ke kira iƙala, kuma akwai lada ga mai sayarwar da ya amince. Ka sauƙaƙa masa, mai yiwuwa ya riga ya taɓa kuɗin, ka yarda ya mayar kaɗan-kaɗan ko sai ya sayar da wani fulotin. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka cika kuɗin don kunya sannan ka sayar wa wani ka ɓoye masa aibin.

Duk wadda kuka tsaya a kai, musanya ko jira ko mayarwa, a rubuta ta ranar, da shaidu biyu da sa hannun mai unguwa. A sa adadin da ka bayar, da lambobin kusurwa huɗu na fulotin da ake magana a kai, da ranar da za a cika ko a mayar. In Kawu ya ga kamar rubutun rashin yarda ne, ka ce masa ofishin filaye za su nemi takardar ranar da za ka je neman shaidar mallaka.